Daminar da Muka Yanka Kwali a Tsafe

Tun ina aji uku a sakandare ake ce mini mai zane. Ni nake zana taswirar Afirka a allo idan malamin labarin ƙasa ya gaji, ni nake zana wa malamar kimiyya zuciya da huhu, kuma duk wanda yake son a rubuta masa sunansa da ado a bangon littafi, wurina yake zuwa. Da aka ba mu jiha aka mayar da aikin Baba Gusau, muka taso daga Sakkwato, sunan nan bai tsaya a can ba, ya biyo ni. Har na gama makaranta ban gamu da wanda ya fi ni ba, saboda haka na ɗauka babu shi.

A shekara ta biyu da dawowarmu, gab da faɗuwar ruwa, Baba ya shigo daga ofis da takardu a hannu. Ya ce wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wata makaranta a Kaduna da ake koyar da zane da ƙirar kayan amfani. Shigarta ba da rubutu kaɗai ba ne. Masu jarrabawa za su zo Gusau a ƙarshen damina, a yi abu uku cikin yini ɗaya: ka zana abin da aka ajiye a gabanka, ka tsara adon atamfa, sannan ka ƙera wani abu da hannunka da kayan da za su ba ka a wurin.

Na karɓi takardun ina murna, sai na ga fam biyu ne.

"Baba, ɗayan na wane ne?"

"Na ɗan kawunka na Bungudu. Innarka ta ce a gwada shi."

Dariya na yi. Ɗan kawun nan nawa ya girme ni da shekara biyu. Da ƙyar ya gama sakandare, tun daga nan yana kasuwar Bungudu wurin wani maƙerin gwangwani, suna yin fitilar aci-balbal da mazurari da ludayin mai. Taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu, duk abin da na ga dama ina iya faɗa masa ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Ni nake ce masa maƙeri, shi kuma ya ce mini ɗan birni. Na ce wa Inna ai makarantar zane aka ce, ba ta liƙe gwangwani ba. Ta ce in bar bakina ya huta.

Bayan kwana huɗu ya iso da jakar buhu. Riga biyu ce a ciki, sauran duk ƙarfe: almakashin yankan kwano, filaya, da 'yar guduma da ƙotarta ta yi sulɓi don riƙo. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakina. Na buɗe masa akwatin fensirorina da Baba ya sa aka sayo mini daga Kano, masu tauri da masu laushi, kowanne da lambarsa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce, "Wanga duk fensir ɗaya bai isa ba?" Na ji daɗi har cikin raina.

Wanda zai shirya mu wani abokin Baba ne tun suna firamare. Ya yi shekaru yana koyar da zane a kwalejin horon malamai, ya yi ritaya ya koma garinsu Tsafe, yana noma yana rubuta wa masu shaguna alluna. Asabar da Laraba muke zuwa. Lokacin ana wahalar mai, sai mu yi sammako mu zauna a tasha har hantsi kafin bas ta cika, a cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu. Idan muka kai Kwatarkwashi ni duwatsun nake kallo, ina lissafin yadda zan sa musu inuwa. Shi kuma ƙofar motar yake kallo, wadda aka ɗaure da waya, yana cewa da an ba shi da ya gyara ta.

Ranar farko Malam ya zaunar da mu a zaurensa, ya ɗauko butar ƙarfe ya ajiye a kan turmi da aka kifa. Ya ce mu zana, ya fita duba awakinsa.

Na zuba duk abin da na iya. Na sa haske a kafaɗar butar, na sa inuwa a gindinta, na murza da yatsa har ta yi ƙyalli kamar hoto. Da na saci kallon takardar taubashina sai hankalina ya kwanta. Layukansa masu kauri ne, yana danna fensir kamar mai zana wa almakashi hanya, ba haske ba inuwa.

Malam ya dawo ya ɗauki tawa. Ya ce, "Ta yi kyau." Ya ajiye. Ya ɗauki tasa, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe.

"Mene ne wannan layin da ka ja a ƙarƙashin bakin?"

"Nan anka liƙe ta, Malam. In ba a liƙe nan da kyau ba, yoyo za ta yi."

"Wannan fa?"

"Nan anka naɗe bakin kwanon, don kada ya yanki hannu."

Malam ya gyaɗa kai. Sai ya sake ɗauko tawa ya miƙo mini, ya ce in duba inda tsinin bakin butata ya tsaya. Na duba ban ga komai ba. Ya ɗora rula a kai. Bakin da na zana ya yi ƙasa da kafaɗar butar sosai.

"Wannan butar taka, kafin ta kai rabi ruwa ya fara zuba," in ji shi. "Ba mai alwala da ita. Ka zana abin da idonka yake so, ba ka tambayi butar yadda aka yi ta ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake komawa kan maganar ba. Amma a bas, da muna komawa Gusau, na yi ta juya ta a raina. Na ce wa taubashina, "Maƙeri, yau an samu mai sayen gwangwani." Ya yi dariya ya ce, "Taka fa ta hi kyau, ɗan birni. Ni da za ni iya inuwar nan." Da gaske yake. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, don na so a ce shi ma yana jin abin da nake ji.

Haka aka yi ta tafiya. Malam bai taɓa cewa zanena ba shi da kyau ba. Abin da ya dame ni shi ne lokaci. Akwai agogon bango a zauren, na fara duba shi. Tawa takardar minti ɗaya ce, wani lokaci biyu. Tasa kuwa sai Malam ya jawo kujera ya zauna, su yi ta magana a kan dalilin da ya sa ake yi wa tukunya gindi zagayayye, ko me ya sa ƙafar kujera take ɗan buɗewa ta ƙasa. Ni ina gefe ina fiƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa.

Da muka shiga adon atamfa na ce to, nan kam gidana ne. Na kwaikwayi furannin wani zanen Inna, na ƙara musu ganye, na cika da launi huɗu. Shi kuwa ya ɗauko guntayen kwanon da suke rage masa idan ya yanke gindin mazurari, masu siffar jinjirin wata, ya jera su a takarda, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, ya bi gefensu da fensir. Launi biyu kawai ya sa, baƙi da ruwan ƙasa. Malam ya shiga da takardun biyu cikin gida don su bushe. Da ya fito sai ya ce matarsa Hajiya ta gani, tana roƙon a bar mata mai jinjirin watan, za ta ɗinka shi a rigar matashi. Ban tambayi abin da ta ce a kan furannina ba, shi ma bai faɗa ba.

A gida ma ban tsira ba. Cikin mako biyu ya gyara rishon Inna da ke hayaƙi, ya daidaita ƙofar kicin da muka shekara muna ɗagawa kafin ta rufu, ya yi wa rediyon Baba sabon marfin batir da gwangwanin madara. Inna ta koma kiransa kafin ta kira ni. Wata Juma'a abokan Baba suka biyo shi gida bayan masallaci, muka kai musu ruwa. Baba ya nuna taubashina ya ce, "Wannan Allah ya ba shi hannu." Ya nuna ni ya ce, "Wannan kuma ya iya zane." Na fita da tire ina auna maganganun biyu. Shi Allah ne ya ba shi, ni kuwa iyawa kawai na yi. Yau na san Baba bai nufi komai ba, amma na yi kwanaki ina juya ta.

A tsakiyar damina Malam ya ce lokacin kwali ya yi. Ya tara kwalayen sabulu da na taliya daga shagunan da yake yi wa alluna. Ya ba mu reza da rula, ya ce kowa ya yi akwati mai marfi wanda zai ɗauki duwatsu cike da hannu biyu. Sai ya ɗauke kwalbar gam ya sa a aljihu.

"Da damina gam ba ya bushewa da wuri, kuma ba ku san ko za su ba ku ba. Ku yi babu shi."

Na yi ta naɗe-naɗe ina cusa kusurwa cikin kusurwa. Da aka zuba duwatsu gindin ya buɗe, suka zubo mini a ƙafa. Nasa kuwa Malam ya ɗaga shi sama, ya girgiza, ya kifa shi, ko motsi bai yi ba. Abin da taubashina ya yi shi ne ya yanka wa gefe ɗaya harshe mai faɗin kai da siririn wuya, ya tsaga ɗaya gefen daidai faɗin wuyan. Sai ya lanƙwashe kunnuwan harshen ya zura, da suka wuce suka buɗe da kansu, suka kulle. Ya ce haka suke haɗa kwano kafin a sa dalma.

"Zo in gwada maka, ba wuya," ya ce mini.

"Bar shi. Ina da tawa dabarar."

Ba ni da wata dabara. Washegari da la'asar, da Inna ta aike shi kasuwa, na rufe ɗakinmu na ɗauko akwatin nan nasa da ya dawo da shi daga Tsafe ya ajiye a gefen katifarsa. Na kwance shi a hankali, na shimfiɗa a kan takarda, na bi gefensa da fensir, na auna wuyan harshen da faɗin tsagar. Na mayar da shi yadda yake. Daga ranar, duk lokacin da ba ya gida, sai in yanka kwali in gwada, in tura guntayen cikin murhu kafin ya dawo. Na gwammace in yi sata da in ce masa koya mini.

Saura wata guda jarrabawa kawu ya aiko cewa ciyawa ta ci ƙarfinsa, a turo masa ɗansa kwana uku. Inna ta ce in bi shi in gaida dangi. A Bungudu na ga inda abin ya fito. Matar kawu tana zaune a inuwar rumbu tana saƙar faifai tana hira, ko kallon hannunta ba ta yi, adon yana fita daidai. Kawu da kansa ya gina rumbun, bai taɓa riƙe rula ba. Da muka je kasuwa gaida maigidansa maƙeri, tsohon ya ɗauki wani mazurari da taubashina ya liƙe kafin ya tafi Gusau, ya ce, "Dube shi, aikin gaggawa. Birni za ka ka koyi mi, kai da ba ka gama koyon wanga ba?" Taubashina ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wato mutumin da ya hana ni sakat a Tsafe, a nan ko na biyu bai kai ba. Na zaci hakan zai sanyaya mini rai. Sai na ga abin da nake bi da awo da ɓuya, su a cikinsa suka tashi, ba su ma ɗauke shi ilimi ba.

A gona, da muka zauna gindin wata ƙirya muna shan fura, ya ce yana da magana.

"Malam ya ce tambayoyin da Turanci za su zo, kuma sai mutum ya rubuta bayanin abin da ya ƙera. Ni tsoro nike ji. In ban gane abin da anka ce in yi ba fa?"

"Ai ba wani Turanci mai yawa ba ne."

"Gare ka. Ka taimake ni, ko kaɗan-kaɗan da marece."

Na ce to. Kuma na ji wani daɗi da ban ji ba tun farkon damina.

Da muka koma Gusau mun zauna sau uku. Na rubuta masa kalmomin da Malam ya ce suna yawan fitowa, na sa shi ya karanta. Duk kalmar da ya karya sai in maimaita ta yadda ya faɗa, in yi dariya, in kira ƙannena mata su ji. Wasan taubasai ne, ba mai cewa komai, shi ma yana tayawa. A zama na huɗu ya ce kansa na ciwo. Bai sake tambaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Na san abin da nake yi. Na gaya wa kaina cewa ai shi ya bari.

An yi jarrabawar a babban ɗakin taron wata sakandare a Gusau. Masu jarrabawa uku ne, maza biyu da mace ɗaya mai tabarau. Da safe aka ajiye mana keke a jingine da tebur, aka ce mu zana. Wannan karon na tsaya na duba yadda sarƙa ta hau haƙoranta da inda birki ya kama, kafin in fara sa inuwa. Adon atamfa ma ya zo mini da sauƙi. Bayan azahar aka raba wa kowa fallen kwali biyu, waya kamu ɗaya, reza, da ƙwan zabi shida a cikin kwano. Ba gam. Takardar ta ce a ƙera abin da za a ɗauki ƙwan nan da hannu ɗaya ba tare da sun fashe ba, cikin awa ɗaya da rabi, sannan a rubuta bayani a bayan takardar.

Da na ga ba gam sai na ɗauki reza ba tare da jinkiri ba. Na yi akwati mai ɗaki shida, na yi masa marfi da mariƙi, na kulle kowace kusurwa da harshen nan mai faɗin kai. Hannuna ya riga ya saba. Na gama da sauran lokaci, na cika bayan takarda da bayani.

Sai na ɗaga kai. Tebur biyu ne tsakanina da taubashina. Shi ba akwati yake yi ba. Ya lanƙwasa wayar ya yi zobba shida, ya yanka kwalin sirara-sirara ya yi wa kowane ƙwai 'yar ragaya, ya rataye su a cikin wani firam da ya haɗa da sauran kwalin, kowanne yana lilo shi kaɗai, ba ya taɓa ɗan'uwansa, ba ya taɓa bango. Ban taɓa ganin ya gwada wannan a Tsafe ba. A wurin ya zo masa. Amma aikin ya fi lokacin yawa. Da aka ce a ajiye reza, ƙwai huɗu ne a rataye, biyu suna cikin kwano, ba mariƙi, bayan takardarsa kuma fari fat.

Masu jarrabawar suka fara zagayawa, kowa tebur ɗaya. Matar ce ta zo wurina. Ta ɗaga akwatin, ta girgiza, ta kifa, ta buɗe ta duba ƙwan. Ta sa farce ta taɓa harshen kusurwa.

"A ina ka koyi wannan haɗin?" Da Hausa ta tambaya.

"Ni na ƙirƙiro shi."

Ban yi shawara da kaina ba, maganar ta fita kawai. Ta rubuta wani abu ta wuce. Ɗakin shiru yake, na san taubashina ya ji.

Da ta kai teburinsa ba ta girgiza ba. Ta sunkuya ta tura ƙwai ɗaya da yatsa, ta tsaya tana kallon yadda yake lilo. Ta yafito sauran biyun. Su ukun suka kewaye shi, ɗaya ya cire hularsa ya leƙa ta ƙasa, suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya juya takardar ya ga ba rubutu, ya tambaye shi wani abu da Turanci. Taubashina ya yi murmushi bai amsa ba. Ina zaune da akwatina da ya cika kowane sharaɗi, ina kallon bayansu.

A ƙafa muka koma gida. Mun wuce gidan mai, inda layin motoci ya miƙe har kwana, kafin ya yi magana.

"Na ga naka. Wuyan harshen ya ɗan yi gajere, amma ya riƙe."

Na jira sauran. Babu saura. Ya koma ba ni labarin yadda wayar ta yi masa tauri, da an ba shi filayarsa da ya gama. Bayan kwana biyu ya tattara ƙarafansa ya koma Bungudu, don an fara yankan gero.

Sakamako ya zo bayan an kai amfanin gona gida. Sunana yana ciki, nasa babu. Baba ya yi murna, Inna ta yi murna rabi. Aka ce in je Tsafe in gaya wa Malam da bakina.

Na same shi a ƙofar gida yana rubuta allon wani mai shayi. Ya ce, "Madalla, Allah ya sa albarka. Ka yi aiki, na gani." Bai ajiye burushi ba. Sai ya ce, "Shi fa?"

Na faɗa masa. A nan ne ya ajiye burushin a kan gwangwanin fenti, ya goge hannu, ya zauna a kan dakali. Ya sa na kwatanta masa abin da taubashina ya ƙera. Na fara da baki, ya ce a'a, ya miƙo mini fensir da bayan wani kwali. Na zana masa firam ɗin da zobban da 'yan ragayun, da yadda kowane ƙwai yake rataye. Zanen ya fita sosai. Malam ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, irin daɗewar da na yi damina guda ina jira, amma na san ba hannuna yake kallo ba.

"Rubutun ne ya kayar da shi," in ji shi. "Da wani ya zauna da shi a kan Turancin nan."

Ya ɗago ya dube ni. Ban san ko ya san wani abu ba, ko kuwa maganar ce kawai ta zo masa. Na ce zan yi sauri kada in rasa mota.

Na tafi Kaduna. Da aka ba mu hutun farko ban zauna Gusau ba, na ce wa Inna Bungudu za ni. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Kullum bayan la'asar, idan ya taso daga kasuwa, sai mu zauna a zauren kawu, in ajiye masa mazurari ko fitila in ce ya rubuta jimla uku a kan yadda aka yi ta. Ban yi dariya ko sau ɗaya ba, har shi ya fara tsokanata wai ɗan birni ya zama malamin gaske. Na koma a hutu na biyu. Har yau ba zan iya rantsewa a kan dalilina ba. Akwai nadama a ciki. Akwai kuma daɗin zama kusa da shi ina riƙe da jan biro, a kan abu ɗaya da na tabbata na fi shi. Maganar harshen kwali ba mu taɓa tayar da ita ba, daga ni har shi.

Da damina ta zagayo ya sake zama jarrabawar, ya ci. Ni na je tasha na taro shi, na raba masa ɗakina, na nuna masa inda ake cin abinci da rahusa. Na shiga aji biyu, yana aji ɗaya, na ce a raina aƙalla dai yanzu ni ne gaba.

Bai cika wata biyu ba, wata safiya malaminmu na ƙira ya shigo ajinmu ya ce mu ajiye abin da muke yi, mu biyo shi. Ya kai mu ɗakin aikin 'yan aji ɗaya, mu kusan ashirin, ya tsayar da mu gaban wata kujerar kwali da wani sabon ɗalibi ya yi. Malamin ya hau kanta ya zauna da dukan nauyinsa, ya ɗaga ƙafafunsa sama, ya ce mu duba da kyau. Taubashina yana can gefe yana share tebur, kamar ba da shi ake ba.

Wani ɗan ajinmu ya taɓa ni ya ce, "Wai ba ɗan'uwanka ba ne wancan?"

Na ce, "Shi ne. Ni na koya masa Turanci."